Ta Ƙofar Kutare Aka Shigo: 'Yan Mishan da Mazaunin Yadakunya

Mutanen Kano sun fi saninsa da Asibitin Bela. A takardun hukuma kuwa sunansa Yadakunya, a ƙaramar hukumar Ungogo, arewa da birni. Yau asibitin gwamnatin jiha ne, ana kai masu tarin fuka da masu ciwon fata da sauran marasa lafiya, kuma gari ya taso ya kusa haɗe shi. Amma a ƙarshen shekarun 1930 wurin matsuguni ne da aka keɓe wa masu cutar kuturta na lardin Kano, kuma waɗanda suka riƙe shi baƙi ne da suka ƙetaro teku daga Amurka da Kanada da Ingila da sunan hidimar addinin Kirista. Abin da ya sa labarin ya cancanci a tsaya a kansa shi ne, waɗannan baƙi sun shafe fiye da shekara 30 suna neman hanyar shiga ƙauyukan Kano ba su samu ba. Wa'azi bai buɗe musu ƙofa ba, makaranta ma ba ta buɗe ba. Kuturta ce ta buɗe.

Sai an fahimci ƙasar kafin a fahimci matsugunin. Karkarar da ta kewaye Kano, daga Ungogo zuwa Minjibir, Dawakin Tofa, Bichi da Gezawa, ba irin karkarar da mutum zai yi tafiyar yini a daji ba ce. Gona na jikin gona, gida na hangen gida. Ba a barin fili ya huta. Kowace damina sai an shuka gero da dawa da wake da gyaɗa a wuri guda, kuma abin da ke riƙe ƙarfin ƙasar shi ne taki. Da rani jakuna na shiga birni da itace, su fito da mangala cike da shara da toka da kashin dabbobi, a zube su tsibi-tsibi a gona kafin ruwan fari. Kowace ɗorawa, kowace kuka, kowane gawo da mai shi. Masanin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya yi bincike a gundumar Ungogo a shekarun 1960, ya nuna cewa fiye da kashi 80 cikin 100 na filin yankin ana nome shi duk shekara. A irin wannan wuri darajar mutum a gidansu tana rataye da hannunsa: ya iya riƙe fartanya a gandu, ya iya ɗora wa jaki kaya. Cutar da ke cin hannu da ƙafa tana cire mutum daga gandu tun kafin ta cire shi daga cikin jama'a.

Ba Turawa ne suka nuna wa Bahaushe kuturta ba. Ya san ta, ya kuma yi mata gurbi a tsarin zamansa. Kutare na da sarkinsu, kamar yadda makafi ke da nasu, kuma bara a ƙofar masallacin Juma'a da bakin kasuwa hanya ce da al'umma ta amince musu da ita. A bori akwai iskan da ake kira Kuturu. A fiƙihun Malikiyya, kuturta na cikin aibobin da ke bai wa miji ko mata damar neman raba aure. A bakin jama'a kuma an ɗora laifin cutar a kan abubuwa iri-iri: cin kifi da nono, naman akuya, gado, sammu, rantsuwar ƙarya. Har karin magana ta shiga, inda ake cewa kuturu da kuɗinsa, alkaki sai na ƙasan kwano, wato abin da ya fi nakasa mutum a kasuwa rashin kuɗi ne.

Akwai shaidar ido daga wancan zamani. A ƙarshen 1894 wani Bature mai nazarin Hausa, Charles Robinson, ya iso Kano tare da likita T. J. Tonkin, suka zauna 'yan watanni. Tonkin ya duba masu kuturta 220, daga baya ya wallafa abin da ya gani a mujallar likitoci ta Lancet a 1903. Abin da ya ba shi mamaki shi ne yadda kutare ke cuɗanya da kowa: suna ciniki, suna aure, suna zaune cikin unguwanni ba tare da an kore su bayan gari ba. Ya yi zargin cewa tufafin da ke yawo daga hannu zuwa hannu ba wanki su ne ke yaɗa cutar. A nan bai dace ba, domin yanzu an san ƙwayar cutar, wadda likitan Norwe Armauer Hansen ya gano a 1873, ta fi bi ta numfashi bayan doguwar cuɗanya, kuma yawancin mutane jikinsu ba ya ma kamuwa da ita. Amma bayaninsa na zamantakewa yana da muhimmanci. Killace kutare a sansani guda ba al'adar ƙasar Hausa ba ce. Shigo da ita aka yi.

Shekara guda kafin zuwan Tonkin, a Disamban 1893, wasu samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, sun sauka Legas da niyyar kai bishara can cikin ƙasar Sudan, kamar yadda Turawa ke kiran wannan yanki a lokacin. Kafin 1894 ta ƙare, Gowans ya rasu a Girku, Kent ya rasu a Bida. Bingham kaɗai ya koma gida, kuma shi ya kafa ƙungiyar da aka sani da SIM, wadda sai a 1902 ta samu ta dasa tasharta ta farko a Pategi. 'Yan CMS na cocin Ingila sun fi su kusantar buri: a 1900 ayarin Bishop Tugwell, wanda likita Walter Miller ke ciki, ya kai har fadar Kano. Sarki Alu ya saurare su, ya ba su 'yan kwanaki su tattara nasu ya nasu su bar masa gari.

Da Turawan mulki suka ci Kano a Fabrairun 1903, 'yan mishan sun ɗauka hanya ta buɗe. Sai ta ƙara rufewa. Lugard ya yi wa sarakuna alkawarin ba za a taɓa addini ba, kuma razdan-razdan da suka biyo baya sun riƙe wannan alkawari fiye da yadda shi kansa ya yi zato, domin mulkinsu gaba ɗaya a kan sarakunan ya jingina. Ba a ba mishan fili a ƙasar sarki Musulmi sai da yardarsa, kuma razdan ne ke isar da tambayar, shi ke dawo da amsar. Har dokar da ta ce gidan Bature ya nisanci gidajen 'yan ƙasa da yadi 440, wadda aka yi da sunan kare lafiya, ta zama katanga tsakanin mai wa'azi da masu saurarensa. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta bunƙasa, kamfanonin Turawa da Kwarori sun cika bakin tasha, amma mai ɗauke da Littafi Mai Tsarki iyakarsa Sabon Gari.

A shekarun 1930 abubuwa uku suka haɗu. Na farko, gwamna Donald Cameron, wanda ya zo a 1931, ya sassauta wa mishan, kuma a 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa. Na biyu, kuturta ta zama abin kunya ga daular Ingila. Tun 1924 aka kafa wata ƙungiyar yaƙi da ita a ƙasashen daular, mai suna BELRA, kuma a kudu an riga an ga misali: matsugunin Itu da mishan ɗin Sikotland ya buɗe a 1928, da na Uzuakoli na 'yan Methodist a 1932. A arewa maso gabas ma 'yan mishan na Garkida sun buɗe nasu a 1929. Na uku, kuma shi ne mafi nauyi, babu kuɗi. Tattalin arzikin duniya ya karye, farashin gyaɗa ya faɗi, baitulmalin En'e ya rame. En'e ta Kano ta buɗe mazaunin kutare a Sumaila, kudu da birni, amma ɗaukar likita Bature da albashin gwamnati don ya zauna a can abu ne mai tsada. Da sakataren lafiya na BELRA, Ernest Muir, ya zagaya Nijeriya a 1936, shawararsa ita ce a miƙa irin waɗannan wurare ga 'yan mishan, waɗanda za su yi aikin da kuɗi kaɗan kuma ba za su gudu ba.

A 1937 aka yi hakan. SIM ta karɓi matsugunan lardunan Kano da Katsina da Sakkwato. Na Katsina shi ne Babbar Ruga, a zamanin Sarki Dikko. Na Sakkwato shi ne Amanawa. Na Kano kuwa, bayan an fara a Sumaila, aka maido cibiyarsa kusa da birni, a Yadakunya. Wanda ya ja gaba a ɓangaren mishan wani Ba'amurke ne, Albert Helser, ɗaya daga cikin mutum biyun da suka kafa Garkida a 1923, wanda ya koma SIM a 1936 kuma daga baya ya zama shugabanta. Kuɗin magani da na wasu gine-gine na zuwa daga wata ƙungiyar Kiristocin Amurka mai tallafa wa kutare, En'e kuma ta ba da fili da kuɗin ciyarwa.

Bai kamata a ɗauki Sarkin Kano Abdullahi Bayero a matsayin wanda aka yi wa dabara ba. Mutum ne da a zamaninsa aka kawo ruwan famfo da lantarki birnin Kano, ya je Ingila a 1934, ya san abin da asibiti ke yi. Shi da takwarorinsa sun karɓi likita da sharuɗɗa: ba tilas a addini, Musulmin da ya shiga matsuguni yana nan da sallarsa da masallacinsa, kuma yana nan ƙarƙashin ikon sarki. Masaniyar tarihi Shobana Shankar, wadda ta bi takardun wannan zamani, ta nuna cewa sarakunan sun ga aikin kuturta a matsayin wani ɓangare na mulkinsu na zamani, ba kyautar da suka yi wa mishan ba. Kowane ɓangare ya san abin da ɗayan ke so. Mishan na son rayuka, sarki na son magani, gwamnati na son a rage mata kashe kuɗi. Akwai kuma wani wuri da addinan biyu suka haɗu ba da shiri ba: Linjila na ba da labarin Yesu yana taɓa kutare yana warkar da su, Alƙur'ani kuma ya ambaci Annabi Isa yana warkar da makaho da mai albaras da izinin Allah. Manomin Minjibir da ya ji Bature na ambaton wannan suna a bakin ɗakin allura bai ji baƙon suna ba.

Su wane ne suka zo? Yawancinsu ba manyan malaman addini ba ne. 'Ya'yan manoma ne da ƙananan ma'aikata da suka yi makarantar Baibul, da nas-nas, da likitoci ƙalilan, kuma mata marasa aure na da yawa a cikinsu. SIM ba ta yi wa kowa alkawarin albashi. Mutum zai zagaya majami'un garinsu ya samu masu ɗaukar nauyinsa, abin da ya shigo a raba. Sai jirgin ruwa zuwa Legas, jirgin ƙasa zuwa arewa, watanni na koyon Hausa, sannan a tura shi tasha. Zama ɗaya yakan kai shekara huɗu kafin a je gida hutu. Idan jiki ya gaji a hau dutse zuwa Miyango a ƙasar Filato, inda kuma daga 1946 'ya'yansu ke makarantar kwana, nesa da iyaye.  'Yan mishan ɗin sun zo ne da nufin su tsufa a wurin, kuma sun iya Hausa har suna gardama da ita.

Wanda ya zo neman magani yakan iso a ƙafa ko a kan jaki, sau da yawa bayan ya gama da boka da wanzami da rubutun sha. Abu na farko shi ne gwaji. A fitar da shi hasken rana, a duba bayansa da cinyoyinsa da fuskarsa ana neman tabon da ya fi sauran fata haske ko ja. A ce ya rufe ido. Malamin asibiti ya ɗauki ɗan zaren auduga ya shafa a kan lafiyayyar fata, mutumin ya nuna wurin da yatsa. Ya shafa a tsakiyar tabon, mutumin ya yi shiru yana jira, bai san an taɓa shi ba. Wannan shirun shi ne amsar. Daga nan a lalubi jijiyar gwiwar hannu da ta bayan gwiwar ƙafa a ji ko ta yi kauri, a tsaga ɗan gefen kunne a ɗebi ruwa a duba a madubin likita.

Maganin da ake da shi a lokacin man 'ya'yan wata bishiyar Indiya ne da ake kira calmugra. Mai ne mai kauri, sai an ɗumama shi kafin ya bi allura. Ana yin allurar a tsoka, ana kuma bin tabon kansa ana tsira shi ɗigo-ɗigo a cikin fata, wuri bayan wuri, mako bayan mako, shekara da shekaru. Yana da zafi, yana kumbura wuri, wani lokaci ya zama ƙurji. Gaskiyar magana, amfaninsa kaɗan ne. Masu nau'in cutar mai sauƙi sukan samu sauƙi, amma da yawansu da ma jikinsu zai iya danne ta da kansa. Masu nau'i mai tsanani kuwa, man bai tsinana musu abin kirki ba. Abin da ya fi taimakon mutane a waɗannan shekaru shi ne abinci a kan kari, wanke gyambo kullum, maganin tsutsar ciki da zazzaɓi, da ɗakin kwana.

Shi ya sa matsugunin ya fi kama da ƙauye fiye da asibiti. Akwai ɗakunan maza da na mata da na ma'aurata, akwai gonaki da masu ƙarfi ke nomawa, akwai masu gini da masu saƙa da masu ɗinki, akwai shugabanni daga cikin marasa lafiyan da ke sasanta rigima. Likita ɗaya da nas biyu ba za su iya yi wa ɗaruruwan mutane allura ba, don haka aka zaɓi masu kaifin kai daga cikin majinyata aka koya musu karatun boko da riƙe sirinji da ɗaure ciwo. Wannan shi ne babban abin da matsugunan suka haifar ba tare da an tsara shi sosai ba: wani rukunin 'yan ƙasa da suka shiga da cuta suka fito da sana'a. Daga baya su ne suka riƙe ƙananan ɗakunan shan magani a ƙauyuka.

Maganar yara ita ce mafi ɗaci a tarihin. Ilimin likitanci na lokacin ya ce a raba jariri da uwa mai cutar tun da wuri don kada ya kamu. Sai aka gina gidajen renon jarirai a gefen matsugunan, nas-nas na mishan suna ba su madara. An ceci rayuka ta wannan hanya, musamman marayun da uwayensu suka rasu wajen haihuwa. Amma yaron da ya tashi a hannun mishan, da waƙoƙin coci ya tashi, kuma dangi da malamai da hakimai sun lura. Koke-koke sun kai ga hukuma, aka kuma tsaurara ƙa'idar da ta hana koya wa ɗan Musulmi addinin Kirista kafin ya kai shekara 18. Ba adalci ba ne a ce matan da suka kwana suna jijjiga jariran wasu ba da tausayi suka yi ba. Ba adalci ba ne kuma a manta da uwar da aka ce ta kalli ɗanta daga nesa, a wurin da ba ta da bakin musu domin maganinta da tuwonta na hannun masu ba da umarnin. Wanda ke ba ka ɗaki da abinci yana da iko a kanka ko bai ɗaga murya ba, kuma wasiƙun da mishan ke aika wa masu ba da taimako a ƙasashensu ba su ɓoye cewa burin ƙarshe shi ne tuba ba.

Sai dai tubar ba ta zo yadda aka yi fata ba. Mafi yawan waɗanda suka zauna a Yadakunya sun shiga Musulmi sun fita Musulmi. Waɗanda suka karɓi Kiristanci sun fi fitowa daga cikin marayu, baƙi daga nesa, da Maguzawa. Amma yardar da aikin kuturta ya samar ta ba SIM damar faɗaɗa a lardin: asibitin ido na Kano da aka buɗe a 1943, wanda har yau mutane ke tururuwa zuwa gare shi, makarantar yara maza a Roni ta ƙasar Kazaure, makarantar Baibul a Tofa. A 1954 majami'un da suka fito daga aikin SIM suka haɗu suka zama ECWA. A ƙetaren iyaka ma haka aka bi: asibitin Galmi a 1950, sannan matsugunin Danja kusa da Maraɗi.

Abin da ya sauya komai ƙwaya ce 'yar ƙarama. A 1941, a Carville ta Amurka, aka fara ganin cewa wani rukunin magunguna na kashe ƙwayar kuturta da gaske, amma suna da tsada kuma ta jijiya ake ba da su. A nan Nijeriya ne, a Uzuakoli, likita John Lowe ya tabbatar a ƙarshen shekarun 1940 cewa uwar waɗannan magunguna, dafson, wadda ake tsoro saboda gubarta, ana iya haɗiyarta lafiya idan aka rage yawanta. Ga arha, ga sauƙin ɗauka, ba ta lalacewa da zafi. A farkon shekarun 1950 likita Charles Ross ya tsara wa Jihar Arewa shirin raba ta a ƙauyuka. Malamin kuturta zai hau keke da gwangwanin ƙwayoyi da littafin rajista, ya zauna a gindin bishiya ko a rumfar ɗakin shan magani a ranar da aka sa, mutane su yi layi, ya kira suna, mutum ya haɗiye a gabansa ya koma gonarsa. Dubun dubatar mutanen da ba za su taɓa yarda su bar gida su tafi matsuguni ba suka fito da kansu.

Ga manomin ƙasar Kano wannan ba ƙaramin abu ba ne. Tafiya matsuguni na shekara biyar na nufin wani ya noma gonarka, kuma a inda fili ya yi ƙaranci haka, gonar da aka ba da aro tsawon lokaci ba kullum take dawowa cikin sauƙi ba. Tana iya nufin mutuwar aure. Ƙwayar da ake sha a gida ta bar mutum a kan gadonsa.

Amma ta zo wa wasu a makare. Dafson na kashe ƙwayar cuta, ba ya dawo da jijiyar da ta mutu. Likita Paul Brand, wanda ya yi aiki a Vellore ta Indiya, shi ya fi kowa bayyana cewa kuturta ba ta guntule yatsu da kanta. Rashin jin zafi ne ke yin ɓarnar. Mace ta sauke tukunya daga murhu da hannu, ba ta ji ƙuna ba sai ta ga bororo. Manomi ya yini yana huɗa, ƙotar garma ta sale masa tafin hannu, gobe ya koma a kan ciwon. Ƙaya ta shiga tafin ƙafa ta kwana uku ba a sani ba, wurin ya ruɓe har ƙashi. Don haka aikin matsugunan ya koma gyaran abin da cutar ta bari: jiƙa ƙafa a ruwa, kankare kanta, shafa mai, ɗinka takalma masu taushin ciki da tafin tayar mota, tiyatar yatsu da fatar ido, ƙafar roba ga wanda aka yanke. Da yawa daga cikin waɗanda aka sallama da takardar shaidar warkewa ba su koma garuruwansu ba. Wasu ba gonar komawa, wasu sun yi aure a nan, wasu sun gwada komawa suka ga ana ware musu ƙwarya. Suka kafa gidaje a gefen asibitin, suka haifi 'ya'ya lafiyayyu, unguwa ta tashi. Daga cikinsu wasu na noma ɗan abin da suka samu, wasu na shiga birni bara.

Bayan an ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, kuma kuɗin man fetur ya shigo, gwamnatocin jihohin arewa suka karɓe asibitoci da makarantun mishan a shekarun 1970, Yadakunya a ciki. A daidai lokacin ne kuma ƙwayar cutar ta fara jure wa dafson a sassan duniya. A 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar haɗa magunguna: dafson da rifamfisin da kulofazimin, wanda shi ma a Uzuakoli aka fara gwada shi a kan kuturta a farkon shekarun 1960. Maganin da a da ake sha har ƙarshen rai ya koma na wata 6 ko wata 12, kuma tun 1995 kyauta ake ba da shi ko'ina a duniya. Baƙin da suka ci gaba da zuwa Kano kan wannan aiki sun zama na ƙungiyoyin agaji, musamman wata ta ƙasar Holan, suna aiki ta hannun shirin gwamnati na yaƙi da tarin fuka da kuturta.

A 1998 Nijeriya ta kai mizanin da hukumar ta duniya ta sa, wato ƙasa da mutum 1 cikin 10,000 ke kan magani. Wannan sanarwa ta sa mutane da yawa, har da masu rabon kasafi, suka ɗauka an gama. Ba a gama ba. Har yanzu ana samun sababbin masu cutar kimanin 2,000 a ƙasar duk shekara, Kano na cikin jihohin da ake samunsu, kuma akwai yara a ciki, abin da ke nuna cewa tana ci gaba da yaɗuwa a gidaje. Ma'aikatan da suka iya gane tabon da ido suna ta yin ritaya, matasan da suka gaje su kuwa wani bai taɓa ganin cutar ba sai a littafi, sai ya ba da man ƙyasfi ya sallami mutum. A 2024 maganin ya yanke a Nijeriya na kusan shekara guda saboda tsaikon takardun shigo da shi da gwaje-gwajen da hukuma ta buƙata, marasa lafiya suka yi ta zuwa ana ce musu su dawo, sai a Maris ɗin 2025 kaya suka iso.